Kafin Ki Taɓa Piyanon Kaduna

Barking, London

Zuwa ga 'yata Rahila, Uwata,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko sai kin sauka Kano kin huta. Allah ya kiyaye tashinki da saukarki, ya tsare ki a hanyar Kaduna, ya haɗa ki da mutanen kirki a kwalejin da za ki koyar, ya ba ki farin jini a wurin ɗalibanki.

Da gangan na rubuta da Hausa. Tun kina ƙarama nake yi miki magana da Hausa kina ba ni amsa da Turanci, kuma da na buɗe baki zan yi nasiha sai ki ce, "Daddy, I know." Takarda ba a katse ta. Ki karanta a hankali, inda kika kasa ki tambayi wanda ke kusa da ke, ta haka ma za ki yi abokai. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san shi. Wuraren da na yi tuntuɓe nake so in nuna miki, tun da hanyar da kika ɗauka ita na bi.

Zan fara da hannu, domin shi ya hana ni sukuni a bana. Ranar da kika shigo kicin kika ce wuyan hannunki na hagu yana yi miki ciwo, kuma kin riga kin gaya wa malamarki a ɗaga miki concert ɗin gama makaranta, wato wasan piyanon da za ki yi a gaban jama'a, kin ga na ajiye kofin shayi na fita bayan gida. Kin ɗauka fushi na yi. Tsoro ne, Uwata. Kin girma kina ganin yatsuna biyu na hagu a lanƙwashe, an ce miki ciwo ne ya kama su, amma ban taɓa gaya miki yadda aka yi ba.

Na fara kiɗa a ƙauyenmu kusa da Zariya, a kan wani ƙaramin ogan na majami'a wanda sai ana taka shi da ƙafa yake yin sauti. Wata Baturiya malamar makaranta ta lura ina maimaita duk abin da ta kaɗa ba tare da an nuna mini ba, sai ta koya mini karanta rubutun kiɗa, wato ɗige-ɗigen nan da ke zaune a kan layuka. Ita ta yi ta fafutuka har aka turo ni London karatu. Da na zo, piyano ya zama mini ci da sha. Bayan na gama, malamina, wani tsoho mai yawan tari, ya samo mini zaure a tsakiyar birni inda zan yi wasa ni kaɗai. A lokacin ba a saba ganin baƙar fata a kan wannan kujera ba, kuma ni ma na san haka.

Ana saura 'yan makonni, ƙaramin yatsana na hagu da na kusa da shi suka fara mutuwa. In na tashi da safe sai in ji kamar ba nawa ba. Ban gaya wa kowa ba. Nakan jiƙa hannun a ruwan zafi in koma kan piyano, har ma na ƙara lokacin gwaji. Wata rana malamina ya tsayar da ni a tsakiyar kiɗa ya ce, "Me ya sami hannunka na hagu? Yana zuwa a makare."

Na ce, "Sanyi ne kawai, ɗakina ba ɗumi."

Ya dube ni ya ce, "In akwai wani abu ka faɗa. Zaure ba ya guduwa."

Na ce babu komai. Abin da ke raina shi ne, in aka yi cancel za a ce dama an san ba zai iya ba, kuma ba ni kaɗai za a faɗa wa haka ba, har da duk wanda zai zo bayana daga gida. Na ɗora wa yatsu biyu nauyin ƙasa guda.

Na yi wasan. Rabin farko ya tafi yadda nake so. A rabi na biyu yatsun suka naɗe cikin tafin hannu suka ƙi miƙewa, na ƙarasa da sauran ukun, ina zubar da abin da ba zan iya kaiwa ba. An tafa, wata jarida ma ta yabe ni a 'yan layuka. Da na je asibiti daga baya, likita ya juya hannun ya ce da na zo tun farko, hutu kawai zai rubuta mini. Wannan shi ne babban wasana na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Shi ya sa da maƙwabcinmu Dakta Musa ya dawo daga sallar Juma'a a masallacin Regent's Park ya biyo ta gidanmu da riga da hularsa, ya duba hannunki ya ce jijiya ce ta gaji, hutu zai warkar da ita, sai da na nemi kujera na zauna. Ranar da kika yi wasanki kuwa, bayan hannun ya warke, ban ji rabin abin da kika kaɗa ba, hannunki na hagu kawai nake kallo yana tafiya yadda ya ga dama. Kin yi abin da na kasa. Abin da nake roƙo shi ne ki ci gaba da haka a can. In jiki ya yi ciwo, ki faɗa. In aiki ya fi ƙarfinki, ki faɗa. Za a ce miki 'yar London, za a zuba ido a ga ko za ki iya, kuma za ki ji kamar dole ki nuna. Ba dole ba ne. Mutunci yana dawowa, jijiya ba ta dawowa.

Bayan hannu ya tafi, na yi shekaru ina aiki a sito na masana'antar motoci a Dagenham, ranar Asabar kuma ina bin gidaje ina koya wa yara piyano. A lokacin na auri mamanki, tana aikin jinya, ita ta riƙe gidan da haƙurinta. Sai na ce tun da ba zan kaɗa ba, bari in tsara kiɗan wasu su kaɗa. A nan na yi kuskure na biyu. Na zauna na rubuta manyan kiɗe-kiɗe masu nauyi irin na mutanen dā na Turai, ina so duk wanda ya ji ya kasa gane daga ina marubucin ya fito. In wani karin waƙa na gida ya zo mini a kai, sai in kore shi kamar ƙuda.

Na kwashi abin da na rubuta na kai wa Madam Vera. Kin san ta, tsohuwar nan da take kawo miki cakulan, wadda ta gudo daga gabashin Turai lokacin yaƙi. A wancan lokacin ba mu saba ba, sunanta kawai na sani a matsayin mai tsara kiɗa. Ta zauna a flat ɗinta ta kaɗa shafi bayan shafi. Da ta gama ta rufe piyanon ta ce, "Ba kuskure ko ɗaya. Amma duk mutanen da ke cikin kiɗan nan na san su, wasu ma na je kabarinsu. Kai kaɗai ne ban gani ba."

Na tattara takarduna na fita ko sallama ban yi mata ba. A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina ta faɗa a raina, wato so take in kawo mata ganga da kalangu don ni baƙi ne. Na daɗe ban koma ba.

Ke kika warware abin, ba ki sani ba. Da aka haife ki kin yi rigima sosai, ba abin da ke sa ki shiru sai wata waƙar reno da mamanki ta koya a wurin kakarta. Wata ranar Lahadi da rana mamanki tana wurin aiki, kika fara kuka, ni kuwa muryata ba ta waƙa ba ce. Na ɗora ki a cinya na nemi waƙar a kan piyano da hannun dama, na bi ta da yatsu ukun da suka rage mini a hagu. Kika yi shiru. Na sake, na ɗan juya ta, kika yi barci. Daga nan na riƙa tuno waƙoƙin da mata ke yi a bakin dutsen niƙa, da na yara a dandali, ina mai da su 'yan gajerun kiɗe-kiɗe masu sauƙi, domin hannuna ba ya iya mai wuya. Na yi su ne don ke, ban ɗauke su aiki ba. Mamanki ce ta matsa mini in kai wa Madam Vera. Na je ina jin kunya. Ta kaɗa na farko ta ce, "To, sannu da zuwa." Ita ta kai su kamfanin da ya buga su. Manyan kiɗe-kiɗen nan suna cikin akwati a saman siling har yau, amma ƙananan, yara suna kaɗa su a gidajen da ban taɓa shiga ba.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Kada ki raina abin da ya zo miki da sauƙi, sau da yawa shi ne naki na gaskiya. Sannan in wani ya gaya miki magana mai ɗaci game da aikinki, ki yi fushin in kina so, amma kada fushin ya wuce mako. Ni nawa ya ci mini shekaru.

Kamfanin da ya buga littafin nan shi ya ɗauke ni aikin edita, aikin da kika tashi kika gan ni ina yi. Na san ba ki taɓa fahimtar abin da nake yi a ofishin nan ba, kin taɓa gaya wa malamar firamarenku wai babanki yana goge ɗigo ne. Ba ki yi ƙarya ba. Mai tsara kiɗa yakan kawo rubutun hannunsa, wani kamar kaza ta taka tawada, ni kuma in bi shi ɗigo bayan ɗigo, in tabbatar abin da zai fito daga injin bugawa shi ne abin da yake nufi. Wani lokaci tsofaffin rubuce-rubuce na waɗanda suka daɗe da mutuwa ake ba ni, in gwada kwafi da kwafi in gano wanne ne daidai, in sa lambobin yatsu don mai koyo. Da farko na raina aikin. In mutanen gida suka tambaye ni, sai in ce ina ɗan taimaka wa wani kamfani ne kafin in koma fage. Na ɗauki kaina na fi ƙarfin teburin, kuma wanda ya ɗauki kansa haka ba ya tambaya.

Sai ga sabon aikin Madam Vera ya zo teburina. A wani wuri kusa da ƙarshe, kiɗan yana tafiya a natse, sai ga wani sauti guda a hannun hagu da ya karo da sauran, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na ce tsufa ne, idonta ya gaza, ta sa ɗigon a layin da ba nasa ba. Na ɗaga shi sama kaɗan, komai ya zauna lafiya lau. Ban gaya mata ba, a ganina na rufa mata asiri.

Allah ya taimake ni, kafin a buga akan aika wa mai aiki gwajin bugu ya duba. Washegari da hantsi sai ga ta a ofis da sandarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in biyo ta ɗakin da piyano yake. Ta kaɗa wurin yadda na gyara, sannan ta kaɗa yadda ta rubuta, ta ce, "Wanne ya fi daɗi?"

Na ce, "Gaskiya, na farkon."

Ta ce, "Ni ma na san ya fi daɗi. Amma a garinmu ƙararrawar majami'a ta tsage tun kafin a haife ni, ba a taɓa canja ta ba. Haka take kuka, a karkace. Garin yanzu babu shi. Kai kuma ka zo ka gyara mini ƙararrawa."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta dafa kafaɗata ta ce kunnena yana da kyau, shi ya sa na ji wurin, abin da ya rage in koyi tambaya. Aka mayar da ɗigon inda yake kafin a buga ko kwafi ɗaya. Har yau in na tuna da an buga shi da gyarana sai in gode wa Allah. Tun daga ranar, in na ga abin da ban yarda da shi ba, alamar tambaya nake sawa da fensir a gefe, in ɗauki waya. Kuma tun daga ranar na fara son aikin. Na gane riƙon amana ne, mutum ya ba ka abin da ya ji a ransa ka kai shi ga wanda ba su taɓa haɗuwa ba, ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Yanzu in an tambaye ni, nakan ce ni edita ne, bakina ba ya nauyi.

Wannan ya shafe ki fiye da sauran. A Kaduna za ki ji goge da algaita, za ki ji ɗalibanki suna waƙa, kuma wasu sautukan za su faɗo a tsakanin farin maɓalli da baƙi, inda piyano ba shi da komai. Kunnenki da aka horar a nan zai ce miki sun kauce. Kada ki yi saurin gyarawa. Ki ce su sake, ki tambayi wa ya koya musu, ki je ki ji shi. Wani lokaci kuskure ne, ki gyara ba tare da kin kunyata yaro ba. Wani lokaci kuma piyanon ne ya gaza. Haka ma a zaman mutane. Za ki ga abubuwa da yawa da za su yi miki kamar a karkace, yadda ake gaisuwa mai tsawo kafin a shiga magana, yadda ba a kallon babba a ido. Ki sa alamar tambaya a ranki tukuna.

Na san kuma na kawo fensirin nan gida. Kina ƙarama kina gwaji, ina tsaye a bayanki, kafin ki kai ƙarshen layi na tsayar da ke. Akwai lokacin da kika daina taɓa piyano in ina gida. Mamanki ce ta kira ni gefe ta ce, "Baban Rahila, a ofis kake edita. A nan yarinyar uba take nema." Daga nan na koma zama a kicin ina saurare ta bango. Da ba ta faɗa ba, ina jin da yau ba kiɗa za ki je koyarwa ba. In ɗalibi yana kaɗawa, ki bar shi ya kai ƙarshe, ki fara da abin da ya yi daidai.

Game da gida yanzu, kin ji yadda masu zuwa hutu suke ba da labari. Kuɗin mai ya shigo, ana buɗe makarantu ta ko'ina, ana neman duk wanda ke da takarda. Mai yiwuwa kafin ki gama sanin sunayen ɗalibanki a ce ke ce shugabar sashe. In haka ta faru, ki nemi tsofaffin malaman da kika tarar, ki riƙa shawara da su, kada su ji labarin abin da kika yanke a bakin wani. An ce kwalejin ta sayi babban piyano amma yana cikin jirgin ruwa a Legas yana jiran layi. Kada ki zauna jiransa. Ki fara da murya da tafi da duk abin da kika samu. In ya iso, zai zo a hargitse saboda zafi da laima. Na sa miki ƙarfen ɗaure wayoyinsa a cikin akwatinki, a naɗe cikin zanen mamanki, kin san yadda ake amfani da shi. Ki bar piyanon ya huta ya saba da iskar wurin kafin ki taɓa shi, kuma kada a jingina shi da taga.

Saura abu ɗaya. Kin sha tambayata me ya sa ban taɓa kai ku gida ba, ina cewa aiki. Ranar da zan taho, mutanen ƙauyenmu sun raka ni har tashar jirgin ƙasa suna waƙa. Bayan abin da ya sami hannuna, na kasa tunanin in sauka a wannan tasha. Na yi ta cewa sai na zama wani abu tukuna. Ina cikin wannan jira mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ta rasu. Yayata, Gwaggonki Saratu, ita ta rage.

Da Dakta Musa ya je gida hutu a watan jiya, na roƙe shi ya biya ta wurinta ya gaya mata kina tafe. Ya same ta tana shanya barkono. Ya ce ta yi murna har ta yi guɗa, sannan ta tambaye shi, "Shi kuma uban fa?" Dakta ya fara yi mata bayanin aiki da hannu, ta katse shi ta ce, "Mun ji labarin hannun tun tuni, Baturiyar nan ta gaya mana kafin ta bar ƙasar. Inna ta yi masa addu'a har ta koma ga Allah. Ka ce masa ba yatsunsa muke kewa ba."

Ashe duk shekarun nan abin da nake ɓoyewa sun san shi. Da Dakta ya gaya mini, na ɗauka baƙin ciki zan ji, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na yi kuka kaɗan, mamanki ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini kwat ɗina ta ce ofishin jirgi bai rufe ba tukuna. Na yi booking, mu biyu, za mu zo Kirsimeti. Ban gaya miki a gida ba don na san za ki sa ni kuka a gaban mutane a filin jirgi.

Don haka in kin huta, ki je ki gaishe da Gwaggonki. Ki durƙusa, ki ci abin da ta ba ki, ki yi mata Hausarki ko da a karye ce, za ta yi dariya ta gyara miki. Kada ki jira sai kin zama wani abu kafin ki je wurin naki. Ki gaya mata ƙaninta yana tafe, ya yi furfura, ya yi tumbi, kada ta tsaya neman saurayin da ta raka tasha.

Allah ya kiyaye ki, Uwata, a hanya da masauki. Ya tsare hannuwanki da zuciyarki, ya ba ki haƙuri da ɗalibai da hikimar zama da manya. Ya raba ki da ciwo da mugun abokin shawara. Mamanki tana gaishe ki, ta ce kada ki manta da maganin zazzaɓi. Dakta Musa da iyalinsa suna yi miki fatan alheri. Allah ya sa mu sauka mu tarar da ke lafiya, ke za ki tarbe mu a ƙasarmu. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Istifanus